Kowa Yana Cewa "Ba Matsala", Amma Aiki Ya Ƙi Ƙarewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ke jagorantar wata ƙaramar tawagar masu haɗa manhajar waya a Kano, mu bakwai. Tsarin Scrum muke bi, wato hanyar raba aikin tawaga zango-zango: zangon aiki na mako biyu da gajeren taron da muke yi a tsaye kowace safiya. A taron kowa cewa yake "ba matsala", sai ranar miƙa aiki a tarar rabi bai kammala ba. Akwai kuma wani yaro mai hazaƙa da ya ɗauke wuta tun ranar da na fallasa kuskurensa a gaban abokan aiki. Ta ina zan ɓullo wa lamarin?
Mai karatu, Kano

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malam, labarin zuciya a tambayi fuska, kuma taka fuskar yaranka suke karantawa kafin su buɗe baki. Ranar da ka tsinka yaron nan a bainar jama'a, sauran sun ga abin da ke samun wanda aikinsa ya samu tangarɗa, sai kowa ya kama bakinsa. Ga kuma tarbiyyarmu ta kunya da kawaici, wadda ƙarami ke jin nauyin kai wa na gaba mummunan labari.

Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi nazari a kan ma'aikatan jinya a asibitocin Amurka a shekarun 1990. Ta tarar tawagogin da ke da kyakkyawan shugabanci sun fi kai rahoton kurakuran ba da magani, saboda ba sa tsoron faɗa. Kamfanin Google ma, da ya binciki tawagoginsa kusan 180, ya ga wannan kwanciyar hankalin faɗin gaskiya ce kan gaba cikin abubuwan da ke sa tawaga ta yi zarra. Shirun da kake ji da safe, ni shi ya fi tayar min da hankali.

Ka fara da kanka. Idan wani ya ce "na maƙale", lura da abin da jikinka ke yi: tsaki, haɗe gira, duba agogo, ko ajiyar zuciya. Duk ana gani. Ka ja numfashi, ka ce "na gode da ka faɗa da wuri, wa zai kama maka?" Binciken yadda aka yi kuskuren ya jira bayan an tashi. Ka kuma daina tambayar "akwai matsala?", domin amsarta a bakin Bahaushe a shirye take. Ka ce, "Me ya fi ba ka wahala jiya?"

Littafin jagoran Scrum na 2020 ya ce taron safen minti 15 ne, kuma na masu aikin ne, su tsara yininsu. Idan kowa kai yake kallo yana ba da bayani, to ya koma kiran suna. Koma gefe, su fuskanci allon da ake jera ayyukan zangon a kai.

A taron waiwaye na ƙarshen zango, raba ƙananan takardu, kowa ya rubuta abin da ya ci masa tuwo a ƙwarya ba tare da suna ba, a manna a allo. Kai ne na ƙarshen magana. Ku zaɓi ƙorafi ɗaya, ko na data ne ko na mai aikin da ke canza magana a tsakiyar zango, ka magance shi a zango mai zuwa kowa ya gani.

Shi kuma yaron, kira shi ku biyu kawai, bayan la'asar in ofis ya yi sauƙi. Gyaran da ka yi masa yana nan daram, yadda ka yi shi ne za ka ba shi haƙuri a kai. Kada ka matsa masa ya sake nan take. A taron nuna aiki mai zuwa, ba shi ɓangaren da ya fi ƙwarewa a kai ya gabatar da kansa, kuma kada ka katse shi.