Amsa ga Yaya kan ajiye hotuna da takardun waya

Assalamu alaikum, 'yan gida barkanku da dare. Yaya, na ji saƙonki, kin ce kin kwashe hotunan bikin yara da takardun filinki kin zuba a memori, wai ko hakan ya isa. Gaskiya bai isa ba. Memorin nan a cikin wayar yake. Ranar da aka fizge wayar a kasuwa, ko ta faɗa bokitin wanki, tare za su tafi.

Abin da ya fi shi ne ki ɗora su a ma'ajiyar intanet. Duk mai Gmail, Google na ba shi giga 15 kyauta, amma ki lura, wasiƙu da hotuna da Google Drive, wato wurin ajiye takardu na Google, duk cikin 15 ɗin nan suke ci. Daga 2024 kuma har ajiyar WhatsApp ta Android ana lissafa ta a ciki. Masu iPhone su nasu iCloud ne, giga 5 kacal. To shi ya sa nake cewa idan kin buɗe WhatsApp kin shiga Settings, Chats, Chat backup, ki kashe wajen bidiyo. Bidiyon wa'azi da na barkwanci da ake turowa a guruf su ne ke cinye wurin, su cinye miki data kuma.

Amma Yaya, ga inda ya fi damuna. Gmail ɗin da ke kan wayarki, wa ya buɗe shi? Yawancinmu yaron shago ne ya buɗe mana ranar da muka sayi waya, ya sa kalmar sirrin da ya ga dama, muka karɓa muka tafi. To in wayar ta ɓata, kayanki suna can lafiya lau, amma ba ki da makullin. WhatsApp ba zai dawo miki da hirarki ba sai da lambarki ta da, da kuma Gmail ɗin da aka yi ajiyar da shi. Don Allah gobe ki zauna ki canza kalmar sirrin, ki sa lambarki a matsayin ta dawo da asusu, ki rubuta kalmar sirrin a littafi ki sa a akwatin da kike ajiye takardun gida. Kuma kada a bar asusun kwance, don Google ya ce wanda ya shekara 2 ba a taɓa shi ba zai iya goge shi.

Af, sai abu ɗaya. In kin goge hoto daga cikin Google Photos, wato manhajar Google da ke ɗora hotuna a ma'ajiyar intanet, a can ma'ajiyar ma ya gogu, ba a wayar kaɗai ba. Yana zama a kwandon shara na ɗan lokaci kafin ya tafi gaba ɗaya. Don haka takardun filin nan, ban da na intanet, ki sa a kwafe miki su a filas ko kwamfutar Abban yara.

In na zo ranar Asabar, in sha Allahu, ki ba ni wayar mu yi tare. Sai da safe.