Yadda roka ke dawowa ta dira a tsaye

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Ɗalibaina sun nuna mini bidiyo a waya, roka tana saukowa daga sama ta dira a tsaye kamar taɓarya a turmi. Wasu sun ce bidiyon aka juya baya. In gaskiya ne, me ke hana ta kifewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba juya bidiyo aka yi ba. Rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX na Amurka ta fara yin haka ranar 21 ga Disamba 2015, sannan a Afrilu 2016 ta sauka a kan dandamalin da ke shawagi a teku. Gindinta ne kawai ke dawowa, mai injina tara.

Kamar minti biyu da rabi da tashi, gindin yake rabuwa da saman. A can iska ta yi ƙaranci, don haka ƙananan bututai ne ke fesa iskar naitirojin su juya shi, injinan su fuskanci inda ya dosa. Yana gab da shiga iska mai kauri sai a kunna injina uku a rage gudu, kada zafi ya cinye shi.

Daga nan aikin fukafukai huɗu ne da ke kusa da kansa. Ba irin na jirgin sama ba ne, ragaragai ne kamar rariya, iska na ratsa ramukansu. Kwamfuta na karkata kowanne daban, gangar jikin ta ɗan kwanta, iska ta tura ta gefen da ake so. Da farko na alminiyam ne, zafi na ƙona su, sai a 2017 aka koma ƙarfen taitaniyam. A Janairu 2015 man da ke motsa su ya ƙare kafin a iso, gindin ya bugi dandamalin a karkace ya tarwatse. A Disamba 2018 famfon da ke tura musu man ya tsaya, ya riƙa jujjuyawa har ya faɗa ruwa.

Wurin da ya fi wuya shi ne daƙiƙun ƙarshe. Kananziri da ruwan oksijin da injinan ke ƙonawa sun kusa ƙarewa, gindin ya yi sauƙi, har injin ɗaya tak da aka rage masa wuta ƙarshen ragewa ya fi ƙarfin nauyinsa. Ke nan ba ya iya tsayawa cak a sama ya gyara zama. Dole gudun ya ƙare daidai lokacin da ƙafa ta taɓa ƙasa. A kunna da wuri, ya tsaya a sama ya koma hawa. A makara, ya fashe.

Batun kifewa kuwa, Malam, sa ɗalibi ya tsayar da sanda a tafin hannunsa, ka ga yadda hannun ke bin ta duk inda ta karkata. Haka injin tsakiya ke lanƙwasa bakinsa. Ƙafafu huɗu na buɗewa daƙiƙu kaɗan kafin dira, a cikinsu akwai alminiyam mai siffar saƙar zuma da ke murƙushewa ya shanye bugun. Ko su ma sukan ba da kunya: a Janairu 2016 ƙafa ɗaya ta ƙi kullewa, rokar ta dira lafiya sannan ta kife.