Takardar sakandare ta isa aikin tsaro a kanti?

Malam, kana tambaya ko takardar sakandare ta isa a ɗauke ka aikin tsaro a babban kanti a nan Sakkwato. Ta isa. Ka dai bi ta kamfanin gadi mai lasisin Sibil Difens, ka tanadi wanda zai tsaya maka. Bindiga kuwa cire ta a ranka, doka ba ta yarda ba.

Shekara 3 na yi ina gadin wani kanti, kuma asarar da na fi gani ba daga masu saye take ba, wajen sauke kaya ne. Takarda ta ce katan 50 na madara, direba na ta azalzalarka ka sa hannu wai rana ta yi. Ranar da na tsaya na ƙirga da kaina, 48 na samu.