Sabwufa ɗaya ƙato ko biyu matsakaita a babban falo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Falona mita 8 ne a tsawo, 6 a faɗi, ƙasa tayil, bango siminti. Ina da lasifika biyu na tsaye da amfilifaya, kiɗa kawai nake saurare. Idan na zauna a kujerata ta tsakiyar falo, bes ɗin ya yi ƙasa sosai, amma jikin bango har kirji yake dukana. Kuɗina zai sayi sabwufa ɗaya mai inci 15, ko biyu masu inci 12. Wanne ya fi?
Daga wani mai karatu a Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sayi biyun. Kayanka lafiyarsu ƙalau, falon ne ke yi maka wannan aikin, kuma ƙaton sabwufa, wato lasifikan da ke fitar da bes (sauti mai kauri) kawai, ba zai gyara ba.

Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Bes mai Hz 40, wato mai kaɗawa sau 40 a daƙiƙa, tsawon igiyarsa ya haura mita 8, wato ya kai tsawon falonka. Yana dukan bango ya dawo ya haɗu da mai fitowa, a wani wuri su ƙara wa juna ƙarfi, a wani wuri su kashe juna. Kamar ruwa ne a cikin daro idan ka jijjiga shi: gefe da gefe yana tashi yana sauka, tsakiya kuwa da ƙyar yake motsi. Bangon siminti da tayil ba sa shanye komai, shi ya sa abin ya fi tsanani a gidajenmu. Kafet da labule suna rage amon sama, amma bes ba ya jin su.

Raba 343 da ninkin tsawon ɗakin, za ka ga inda matsalar take. Mita 8 na ba da Hz 21, sai ninkinsa biyu da uku, 43 da 64. Mita 6 na ba da Hz 29, sai ninkinsa 57. A tsakiyar falo, 21 da 29 da 64 duk suna mutuwa, 43 da 57 kuma suna kumbura. Nan kujerarka take. Ko ka ƙure murya, ramin, wato inda bes ya mutu, ba zai cika ba, domin sautin da ke dawowa daga bango shi ma ƙaruwa yake yi. Sai dai taga da silin su yi ta karkarwa.

Kafin ka kashe ko sisi, janye kujerar daga tsakiya, ta zama kamar mita 3 daga bangon gaba ko na baya, kuma kada ta jingina da bango.

Amfanin na biyun shi ne daidaita falon. Todd Welti na kamfanin Harman ya yi bincike a kan haka a 2002, ya nuna cewa a ɗaki mai kusurwa huɗu, biyu a tsakiyar bango biyu masu kallon juna suna daga cikin jeri mafi kyau. Ɗaya a tsakiyar bangon gaba, ɗaya a tsakiyar na baya, suna buga abu guda, sai Hz 21 da 64 su daina rinjaye, 29 ma ba ya samun mai tayar da shi. Idan ƙofa ta hana, gwada kusurwa biyu masu kallon juna a karkace. Kada ka jera su wuri guda: za ka ƙaru da desibel 6, amma ramin yana nan.

Wasu na tsoron sabwufa a baya zai ɓata sitiriyo. Ƙasa da Hz 80 kunne ba ya iya nuna inda sauti ya fito, don haka ka ba su sigina ɗaya, hagu da dama a haɗe, ta waya mai raba hanya biyu daga mafitar sabwufa ta amfilifaya. Sai idan lasifikanka ƙanana ne, har ka kai mahaɗar (Crossover, inda lasifika ke miƙa wa sabwufa bes) sama da Hz 100, sannan ka ajiye kowane kusa da nasa lasifikan, hagu da dama daban.

Wajen saiti, su zama samfuri ɗaya. Idan amfilifayarka na iya yanke bes daga lasifika, sa mahaɗar a 80. Idan ba ta iyawa, kuma lasifikan suna sauka zuwa 45, fara maɓallin Crossover na sabwufa daga 50 ko 60. Kunna su ɗaya bayan ɗaya har ƙarfinsu ya zo daidai a kujerarka. Sannan saki sautin gwaji na daidai mahaɗar, wani ya riƙa juya maɓallin Phase tsakanin 0 da 180 kana zaune, ka bar shi inda bes ya fi cika. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe, su ce na biyun ya rage musu bes, alhali kashe juna suke yi. Manhajar awon sauti ta REW kyauta ce, da makirfon awo irin UMIK-1 za ta zana maka duk tudu da rami. Ka sassaƙe tudu, wato inda bes ya kumbura, da na'urar daidaita sauti (EQ), amma kada ka yi ƙoƙarin cike rami. Matsar da akwatin rabin mita ya fi.

Tambaya: Na haɗa sabwufa na biyu sai ƙugi ya tashi, ko ba kiɗa. Ya lalace ne?
Daga wata mai karatu a Zariya

Amsa: Da wuya, Malama. Cire wayar sigina daga bayansa. Idan ya yi shiru, ƙugin Hz 50 ne na lantarki, saboda kin jona shi a wani soket daban da na amfilifaya. Mayar da su duka kan soket ɗaya, ki raba wayar sigina da ta wuta. Idan bai daina ba, zare wayar dish ki ji, sau da yawa ita ce. Kada ki yarda a karya ƙafar as (earth) ta fulogi don ƙugi ya ɗauke, ita ce ke kare ki daga jan wuta. Idan kuwa yana ƙugi ba waya a jikinsa sai ta wuta, kai shi wurin mai gyara.