Tambaya da Amsa: Littafin Dabbobi Don 'Yan Aji Ɗaya

Tambaya: Ina son rubuta wa ɗalibaina 'yan aji ɗaya ɗan littafi kan dabbobi abokai da suka fita yawo tare. Ta ina zan fara? Daga wata malamar firamare, Zariya.

Amsa: Malama, fara da takarda. Farar takarda huɗu, in aka naɗe su biyu aka dinƙe tsakiya, za su ba ki shafi 16 har da bango. Ya isa.

Dabbobi uku kacal, masu sunaye masu sauƙin gaɓa: zomo, kaza, jaki. Kunkuru da tsuntsu su jira aji biyu, domin "ts" da gaɓa mai ƙarewa da baƙi suna sa mai koyo tuntuɓe. Kada ki haɗa kura da akuya a matsayin aminai; yaran da suka sha tatsuniya ba za su yarda ba.

Kowane shafi jimla ɗaya, kalma huɗu zuwa shida, kuma ki riƙa maimaitawa: "Zomo ya tafi rafi. Kaza ta tafi rafi." Nan yaro ke kama bambancin "ya" da "ta" da kansa. Matsala ɗaya ta wadatar, misali ruwan rafi ya hana kaza tsallakawa, jaki ya goya ta.

Inda aka fi samun ɓarna shi ne wajen bugu: ɓ, ɗ da ƙ kan koma akwatuna a kwamfutar mai bugawa. Yi amfani da salon haruffan kwamfuta mai suna Andika, wanda aka tsara don masu koyon karatu, ki kai aikin a PDF (nau'in fayil da ke riƙe siffar haruffa yadda take), ki duba kwafi ɗaya kafin a buga sauran.