An ce an kamo kuɗina na kirifto, saura in biya haraji. In biya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, atamfa da leshi nake sayarwa, tebur gare ni. Wata huɗu da suka wuce wani abokina ya sa ni a wata manhajar kirifto, wato kuɗin intanet, na sayi USDT (kuɗin kirifto mai bin farashin dala) na kusan naira miliyan 2.4 na zuba, kullum ina ganin riba tana hawa, ranar da na zo cirewa abu ya ƙi, daga baya ma manhajar ta daina buɗewa. Na yi kukana a ƙarƙashin wani fostin a Facebook, sai wata mata ta biyo ni ta ce ita ma an taɓa yi mata amma wani kamfani ya dawo mata da nata, ta haɗa ni da su a Telegram. Sun nuna min satifiket da hoton inda kuɗina suka bi, har adadin daidai. Na biya 85,000 na buɗe fayil. Yanzu sun ce an kamo kuɗin, saura 320,000 na haraji da kuɗin gas (kuɗin da ake biya na tura kirifto) cikin kwana uku ko a mayar. Ina tunanin in taɓa kuɗin maigidana da nake ɗaukar kaya a wajensa, in sun shigo in mayar masa. In biya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka biya, ko sisi. Kuma ka janye hannunka daga kuɗin maigidanka, wannan maganar ma ita ta fi tayar min da hankali a duk saƙon naka, za mu zo kanta.

Ba zan tsaya yi maka wa'azi kan manhajar farko ba, ka riga ka ji a jikinka. Kuskurenka na yanzu ɗaya ne tak: har yau ba ka yarda miliyan 2.4 ɗin nan sun tafi ba. A ranka suna nan wani waje a ajiye, mai buɗe ƙofa kawai ake jira. Da wannan tunanin ka ba da 85,000 ba ka ji zafinta ba, don ka auna ta da miliyan biyu ka ga ai ba ta taka kara ta karya ba, kuma da shi kake lissafin 320,000 yanzu. Mutanen nan sun san da haka, a kan irinku suke cin abinci, wanda aka cuta jiya yana jin kunyar faɗa a gida yana neman yadda zai rufe ramin kafin matarsa ko 'yan layinsu su ji.

Ka tambayi kanka, matar nan daga ina ta san ka? Kai ne ka ɗaga hannu a kwament ka ce jama'a an cuce ni. Aikinsu kenan, su bi duk fostin da ake maganar damfara suna tsintar masu kuka, wani lokacin ma su da masu manhajar farko duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su, sunanka da lambarka da adadin da ka zuba duk suna hannunsu tun ranar da ka yi rajista. Ita kanta matar, ni ban yarda mace ba ce, mai yiwuwa wanda yake amsa maka a Telegram shi ne ita.

Hoton da ya rikita ka kuwa, wai sun gano inda kuɗinka suka bi, wannan yaron da ke yi maka cajin waya zai iya fito maka da shi. Duk wanda ya sami adireshin walet ɗinka, wato asusunka na kirifto, zai shiga shafin Tronscan, idan ta layin Tron, ɗaya daga cikin hanyoyin tura kirifto, ka tura kamar yadda yawancin mutanenmu ke tura USDT, ya ga nawa ya fita, yaushe, zuwa wane adireshi, kyauta. Gani daban, ɗaukowa daban. An gina abin ne yadda idan kuɗi suka fita ba mai juyo su, ba manajan banki da za ka je ofishinsa ka zauna, wanda ke riƙe da mabuɗin walet ɗin da suka faɗa shi kaɗai ke iya motsa su. Kuɗin gas da suke faɗa maka, a layin Tron 'yan daloli ne ƙalilan, kuma mai turawa ke biya. Haraji kuwa, wa ka taɓa ji ya biya harajin gwamnati a asusun wani mutum da aka turo masa a Telegram? Sannan abin da kai ɗan kasuwa ya kamata ka fara gani: in da gaske miliyan 2.4 suna hannunsu, me zai hana su cire 320,000 ɗinsu a ciki su turo maka sauran? Dillali a Kwari ma sai ciniki ya faɗa yake karɓar la'adarsa. Gwada faɗa musu haka ka ji, za su ce tsarin ba ya yarda, doka ta hana, an kulle kuɗin sai an biya daga waje. Kullum amsar kenan.

Kuma ba a ƙarewa. Akwai wani mai sayar da kayan masarufi da aka kawo min shi, abin da aka ci masa da farko bai kai naka ba ma, wajen 700,000. Ya biya na fayil, ya biya na haraji, sai aka ce wai an ga kuɗin da yawa dole a yi takardar shaidar ba na ta'addanci ba ne, ya sayar da babur ɗinsa ya biya, aka nuna masa wani shafi da sunansa da dala jere a ciki ga maɓallin cirewa ya yi kore, ya danna aka ce saura kuɗin canji zuwa naira. Da muka zauna da biro muka tara rasit ɗin tiransifa da ke wayarsa, abin da ya ba masu ceton ya haura abin da ya je ceto. Garin neman gira ya rasa ido. Abin da ya fi ba ni haushi, a ranar ma cewa yake ko a ranta masa na ƙarshen tunda ai saura ƙiris.

Ba kai kaɗai ba ne, kuma ba rashin boko ba ne. Da manhajar zuba kuɗi ta CBEX ta rufta da mutane a Najeriya a Afrilun 2025, bayan alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, abin da ya biyo baya shi ne aka ce wa waɗanda kuɗinsu ya maƙale su sake zuba dala 100 ko 200 wai ta tantancewa kafin su cire, alhali hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ta fito ta ce ba ta taɓa yi musu rajista ba. A Amurka ma hukumar bincike ta FBI ta yi gargaɗi a 2024 kan ofisoshin lauyoyi na bogi da ke bin waɗanda aka damfara a kirifto, ta ce cikin shekara ɗaya an sake kwashe musu sama da dala miliyan 9. Turawa kenan masu lauya a aljihu. Don haka satifiket ɗin da aka turo maka a waya kar ya ba ka tsoro, aikin minti goma ne a kwamfuta.

Yanzu maganar maigidanka. Mu ce kana samun 800 a kan kowane turmi, 320,000 ribar turmi 400 ce, kai ka fi ni sanin wata nawa za ka yi a bakin tebur kafin ka haɗa ta, balle yanzu da kasuwa take a kwance. Asarar miliyan 2.4 taka ce, za ta yi ciwo ta warke, mutane da yawa a kasuwar nan sun yi wadda ta fi ta sun tashi. Amma ranar da maigidanka ya zo lissafi ya ga babu kaya babu kuɗi, ba shi kaɗai zai sani ba, kafin la'asar duk layin sun ji, kuma wanda yake ɗaukar kaya bashi ba shi da jarin da ya wuce a ce wane ba ya taɓa amana. Na ga wanda gobara ta cinye wa kaya aka yi masa karo-karo ya dawo cikin shekara. Wanda ya ci kuɗin ubangidansa, ban ga an yi masa ba.

Abin da za ka yi yau, ka ɗauko littafinka ka rubuta miliyan 2.4 da 85,000 a ɓangaren asara, da kwanan wata, da hannunka. Na san za ka ce meye amfanin, amfaninsa shi ne daga lokacin duk wanda ya zo da maganar a biya kaza a karɓo kaza za ka ji ta a matsayin sabon kashe kuɗi, don babu wani tsohon kuɗi da ake binka ko kake bi. In sun taɓa tambayar ka kalmomin sirrin nan 12 da ke buɗe walet ɗinka ko sun sa ka danna wani link ka haɗa walet, ka ɗauka wannan walet ɗin ta zama ta kowa, buɗe sabuwa ka kwashe ɗan abin da ya rage.

Kafin ka toshe su, ka ɗauki hoton duk hirarku, da lambar asusun da ka tura 85,000, da adireshin da USDT ɗinka suka tafi. Kai ƙorafi bankinka a rubuce, sannan ka kai wa EFCC, suna da ofis a nan Kano kuma ba a biyan kuɗi don shigar da ƙorafi. Inda ake ɗan dacewa a harkar nan ta hannun hukuma ne, ita ke iya sa kamfanin canjin kirifto ko kamfanin Tether mai USDT ya daskarar da kuɗi, kuma abin yana ɗaukar watanni ko shekaru, sau da yawa ma ba a samun komai. Ban ce ka sa rai ba. In ma akwai mai ɗan alamar dawowa to 85,000 ɗin ce, in ta asusun banki na gida ka tura, don asusun yana da suna da BVN a jikinsa, ko da yake galibi na wani yaro ne da aka ba dubu biyar ya ara musu.

Bayan ka toshe su ka saurari wani kiran, zai zo. Wannan karon zai ce shi jami'i ne ko lauya, an kama waɗancan na Telegram ɗin, sunanka yana cikin waɗanda za a biya, ɗan kuɗin takarda kawai ake buƙata. Kashe wayar ka koma kan teburinka.