Amsa ga ɗan'uwa mai BMW da ake son sayar masa da tayar ƙanƙara

Salam ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don abin da mai tayan nan ya gaya maka kusan kalma da kalma shi aka gaya min. Ka ce ka samu beljiyam guda 4 masu zurfin haƙora, 225/45 R17, akwai hoton dutse da wani abu kamar tauraro a gefensu, kuma ya ce maka ai su ne daidai damina tunda an yi su don ruwa da santsi. Don Allah don Annabi kar ka biya kuɗin nan. In ka riga ka ba da kafin alƙalami ka koma ka karɓo abinka, in ya hana ka bar masa, ya fi maka sauƙi.

Ni irin motarka gare ni, jan baya (wato tayoyin baya ne ke tura ta), ƙasa-ƙasa, kuma ka san yadda take in ta samu titi. Cikin azumin 2023 abin ya same ni, watan Afrilu, lokacin da zafin Bauchi ke kai 39 zuwa 40 da rana, kwalta kuwa ko takalmi ka taka sai ka ji ta a tafin ƙafa. Mun taso daga Bauchi za mu Gombe gaida surukata da ba ta da lafiya, ni da maiɗakina da ɗiyarmu mai shekara 3 a baya. Mun wuce gadar Dindima lafiya, mun wuce Alkaleri, ina kan 120 haka, sai na fara jin bayan motar na ɗan rawa kamar ana kaɗa ta a hankali. Na ɗauka iska ce. Ban kai ga ɗaga ƙafa ba sai ji na yi dam! kamar an harba bindiga a ƙarƙashin kujera. Tayar baya ta hagu ta tarwatse, bayan motar ya kwashe ya yi wajen hannun masu zuwa, ga tirela ta taho tana danna hon tana ba ni wuta. Maiɗakina salati kawai take da ƙarfi, yarinyar ta tsala ihu tana kiran Abba, ni kuma hannuna biyu na kan sitiyari ina jin yana neman ƙwacewa. Allah ne Ya hana ƙafata zuwa kan birki, don da na taka da ƙarfi da yanzu wani labarin ake. Na bar ta tana rage gudu da kanta har muka gangara gefen hanya cikin ƙura, tirelar ta wuce mu da abin da bai fi kamu biyu ba, har yau ina ganin fuskar yaron motar da ya leƙo ta taga ya ɗora hannu a ka.

Da na fito ƙafata ta ƙi ɗaukata, zama na yi a ƙasa kusa da motar. Robar ta zare daga jikin tayar kamar an feɗe ta, wayoyin ciki duk a waje, ta daki bamba ta fasa, wil ɗin alloy ya tsage. Da na kai hannu kan ɗayar ta baya sai da na janye don zafi, ga warin roba kamar ana ƙona ta. Ga azumi ga rana, yarinya ta ƙi yin shiru, kusan awa 2 muna wajen kafin wani bawan Allah mai a-kori-kura ya tsaya ya taimaka mana. Maiɗakina ta yi wata 2 ba ta yarda ta shiga motar ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mutumin da ya sayar min. Ba baƙo ba ne, shekaru muna sallah a masallaci ɗaya, ya dafa tayar ya ce min Alhaji wannan daga Jamus take, ko wata 6 ba ta yi a ƙasa ba, dubi haƙoranta. Na ce masa wannan hoton fa na mene ne, ya ce alamar orijina ce. Da na koma masa da ragowar a but, ko sannu bai fara ce min ba, cewa ya yi ai gudu na yi, wai kuma taya ba ta da garanti, ƙaddara ce. Na san ƙaddara ce, amma shi ya san abin da ya sayar min. Wani mai faci dattijo da ke kusa da shagonsa ne ya ja ni gefe ya goge gefen tayar da tsumma ya nuna min lamba 4214 a ƙarshen layin da ya fara da DOT, ya ce sati na 42 na 2014 aka yi ta. Shekara 8 da rabi. An ma shafe wajen da baƙin mai don kar ido ya kai. Na yafe kuɗin, amma maganar ɗiyata da ya ji tana cikin motar bai ko tambayi lafiyarta ba, wannan har yanzu tana raina, in na hango shi a masallaci sahu nake canjawa.

To wancan hoton, dutse mai tsini uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki, shi ne shaidar tayar hunturun Turai ce. An haɗa robarta da laushi don kar ta sandare in sanyi ya yi ƙasa da digiri 7, mu kuwa ko tsakiyar hunturu da asuba da wuya mu ga haka a Bauchi, balle Gombe. A kan kwaltarmu laushin nan ƙaruwa yake, tana cinyewa da wuri, tana tara zafi, motar na yin lilo a kwana, birki kuma sai ya ƙara tafiya kafin ya kama. Ka duba haƙoran da kyau za ka ga wasu ƙananan tsage-tsage birjik kamar an yanka da reza, don kama ƙanƙara aka yi su. Sannan zurfin nan da ke ruɗar mu, can su in tayar hunturu ta sauko wajen milimita 4 cire ta suke, shi ya sa take iso mana kamar sabuwa. In ka ga an rubuta Winter, Alpin, Blizzak, Sottozero, UltraGrip ko Hakkapeliitta, duk tayoyin hunturu ne, tayoyi ne masu kyau a ƙasar da aka yi su dominta. Rubutun M+S (wato laka da ƙanƙara) shi kaɗai ba lallai ta zama ta ƙanƙara ba, akwai shi a jikin tayoyin jif da yawa, amma in ya haɗu da hoton dutsen ka ajiye.

Maganar damina kuwa, ruwanmu da ɗumi yake sauka kan titi mai zafi, tayar da aka yi don bazara ta fi kama shi. Abin da kake nema manyan layukan nan da suka zagaye tayar su kasance da zurfi don su fitar da ruwa, in sun kusa milimita 3 ka fara shirin canji, kar ka jira 1.6. Kuma ko wace taya ka sa, in ka shiga ruwa kwance da gudu motar nan za ta yi iyo, jan baya ba ta yafiya.

Ka duba harafin da ke bayan lambar da ke gefen tayar, misali 91W ko 94V, shi ke nuna iyakar gudun da za ta iya ɗauka. T kilomita 190 a awa ne, H 210, V 240, W 270. Ba wai za ka yi wannan gudun ba ne, amma mai harafin da ya fi gudu ta fi jure zafi, kuma na hunturu da yawa T ne ko H. Abin da motarka ke so yana jikin takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, har da yawan iskar. Nan ma wata masifar ce, masu faci da yawa sai su dura maka 45 ko 50 da gejin da ya mutu tun bara, wasu kuma su ce rage iska saboda zafi, alhali taya mai ƙarancin iska ita ta fi saurin yin zafi ta fashe. Ka sayi gejinka ka ajiye a mota, ka auna da safe kafin ka fita. Ni yanzu ko Jos zan je sai na durƙusa na zagaye duka huɗun ina shafa gefensu ko akwai kumburi, don ramukan hanyoyinmu ba sa barin taya mai siririn gefe irin 45.

Na san kuɗi ne matsalar, ni ma shi ya kai ni. In Michelin Pilot Sport ko Bridgestone Potenza sun fi ƙarfinka, sabuwa mai sauƙin kuɗi wadda ba ta wuce shekara 1 ko 2 da yi ba ta fi min tsohuwa mai babban suna, su 'yan Road Safety ma cewa suke taya ta ƙare in ta kai shekara 4 da yi. In biyu kawai za ka iya yanzu, ka sa sababbin a baya, iri ɗaya, ka yi balansin da alaimen. Kafin ka biya ka ɗauki hoton gefen kowace taya inda lambar DOT take ka turo nan mu duba tare, in kuma a cikin Bauchi kake ka yi min magana ta inbox, ranar Asabar ba na aiki, sai in raka ka.